Magani Ɗaya, Hukunci Biyu: Wata 3 Ga Sinner, Shekara 4 Ga Battaglino

Ranar Asabar 12 ga Yulin 2025, Iga Swiatek 'yar ƙasar Poland ta lashe gasar Wimbledon ta mata, bayan ta doke Amanda Anisimova da ci 6-0, 6-0 cikin ƙasa da awa guda. Washegari Lahadi, Jannik Sinner ɗan Italiya ya doke Carlos Alcaraz ya ɗauki kofin maza. Na kalli wasannin biyu a gida tare da wani aminina da muke buga tanis tun muna samari. Da Sinner ya ɗaga kofi sai aminin nan nawa ya girgiza kai ya ce da ni, "Malam, ka lura kuwa? Su biyun nan duka an samu haramtaccen magani a fitsarinsu bara. Yau ga su nan da kofi a hannu, ana yi musu tafi."

Gaskiya ya faɗa. Muka tashi muka yi sallar magariba, muka dawo muka ci gaba da musu har aka kira isha'i. Shi yana ganin mayaudara ne aka rufa wa asiri. Ni kuwa abin da nake gani daban ne, kuma shi nake so in shimfiɗa a nan.

Sana'ata harhaɗa magunguna ce. Na haura shekara 20 ina tsaye a bayan kanta a nan Kano, ina karanta takardar likita ina ƙirga ƙwaya. Tanis kuwa ya shiga raina tun lokacin da nake zuwa kallon gasar Dala Hard Court ina saurayi, kuma har gobe in na samu sarari da yammacin Asabar nakan ɗauki raket in nufi fili. Don haka maganar nan ta haɗa abubuwa biyu da na fi sani. Ban yarda Sinner ko Swiatek sun sha magani don su yi maguɗi ba. Amma na tabbata irin shari'ar da aka yi musu ba ita ake yi wa ƙananan 'yan wasa ba, kuma wannan bambancin ya fi ƙwayar kanta yi wa wasan tanis illa a yau.

Sai an san dokar kafin a gane inda gizo ke saƙar. An kafa WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari, a 1999, bayan abin kunyar da ya faru a babban tseren keke na Faransa a 1998, lokacin da aka kama motar wata ƙungiya maƙare da allurai da ƙwayoyi. Ita ke fitar da jerin haramtattun magunguna, kuma sabon jeri yana fara aiki ranar 1 ga Janairun kowace shekara. A tanis, tun daga 2022 hukumar ITIA ce ke ɗibar fitsari da jini, ita ke gurfanar da wanda aka kama. Wanda bai gamsu da hukunci ba sai ya garzaya kotun wasanni ta duniya da ke birnin Lausanne a Suwizalan. Ginshiƙin dokar gajere ne: duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ka sani ko ba ka sani ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Idan maganin yana cikin masu nauyi, irin masu gina tsoka, daga shekara 4 ake fara lissafi, kuma ba hukuma ce za ta tabbatar ka yi niyya ba, kai ne za ka tabbatar ba ka yi ba. In ka iya, hukuncin ya sauko shekara 2. In ka nuna ta inda maganin ya shiga jikinka, aka kuma ga sakacinka kaɗan ne, sai a ƙara ragewa. In babu sakaci ko kaɗan, a sallame ka.

Mai karatu ya riƙe wannan gaɓar da kyau: ta ina ya shiga? Duk shari'ar a nan take kwance.

Ranar 10 ga Maris 2024, a gasar Indian Wells ta Amurka, aka ɗebi fitsarin Sinner aka samu ɓurɓushin kilostebol, wani magani mai gina tsoka. Bayan kwana 8 aka sake ɗiba, aka sake samu. Ga bayanin da ya bayar. Mai horar da shi motsa jiki ya sayi wani maganin feshi na rauni mai suna Trofodermin a kantin magani a Italiya, inda ake sayar da shi ba sai da takardar likita ba. Mai yi masa tausa ya yanke a yatsa, aka ba shi maganin ya riƙa fesawa har sama da mako guda, yana kuma yi wa Sinner tausa babu safar hannu. Sinner kuwa yana da wata lalurar fata da ke sa ƙafafunsa da bayansa yin ƙananan raunuka. Ta nan maganin ya samu ƙofa.

Abin da aka gani a gwajin bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba a kowace mililita ta fitsari. Don a fahimci ƙanƙantarsa, ɗauki ƙwayar farasitamol guda ɗaya mai miligiram 500 ka raba ta gida miliyan 500. Gida ɗaya daga ciki shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na giram. Na'urorin gwaji na yanzu suna ganin abin da bai ma kai haka ba.

Aminina ya ce labarin ya yi kama da tatsuniya. Ni bai yi mini kama da ita ba. Cikin abubuwan farko da ake koya wa ɗalibi a sana'armu akwai goge farantin ƙirga ƙwaya tsakanin magani da magani, musamman bayan fenisilin, domin garin da ido ba ya gani ya isa ya tayar wa wanda jininsa bai haɗu da maganin ba da ƙaiƙayi, ko ma abin da ya fi haka. Na san yadda man shafawa ke ratsa fata, na kuma san ya fi saurin ratsawa in fatar ta tsage. Haka batun Swiatek. A watan Agustan 2024 aka samu tirimetazidin, wani maganin ciwon zuciya, a fitsarinta. Ta ce daga melatonin ne, maganin barcin da take sha saboda yawan tafiye-tafiye, wanda aka yi a ƙasarta. Aka kai maganin ɗakin gwaji mai lasisin WADA, aka kuwa samu gurɓatar a cikinsa. Duk wanda ya taɓa leƙa masana'antar magani ya san inji ɗaya kan buga ƙwaya iri-iri, kuma in wanki bai yi ba sai ragowar wannan ta bi wancan. Wata 1 aka dakatar da ita.

Amma sana'ar tawa ce kuma ta hana ni cewa ƙarancin abin da aka gani shi kaɗai ya wanke mutum. Wanda ya sha magani da gangan makonni da suka wuce, ɓurɓushi ne kawai zai rage a jikinsa ranar gwaji. Shi ya sa dokar ta nace sai an nuna hanyar shigowa, kuma ina ganin tana da hujja. A shari'ar Sinner ƙwararru 3 ne suka duba bayaninsa suka ce ya dace da abin da gwajin ya nuna. A watan Agustan 2024 kwamitin shari'a mai zaman kansa ya ce ba shi da laifi ko sakaci. Aka karɓe maki 400 da dala 325,000 da ya samu a Indian Wells, ya ci gaba da wasa.

To, ga wani suna da aminina bai taɓa ji ba kafin daren nan: Stefano Battaglino. Shi ma ɗan Italiya ne, shi ma ɗan tanis ne, sai dai bai taɓa shiga sahun 700 na farko a duniya ba. A watan Satumban 2022 ya je wata ƙaramar gasa a Casablanca ta Maroko, irin gasar da duka kuɗin ladanta, wanda za a raba wa dukkan 'yan wasa, dala 15,000 ne. Aka gwada shi, aka samu kilostebol, wannan dai maganin da aka samu a jikin Sinner. Bayaninsa ma ya yi kusa da na Sinner: ya ce yana zargin ta hannun mai tausa na gasar ne, wanda ya duba shi ana tsakiyar wasa. Ya nemi mutumin ya zo ya ba da shaida, bai samu ba. Kwamitin shari'a ya ce bai tabbatar da hanyar shigowa ba, saboda haka bai tabbatar da rashin niyya ba. Aka yanke masa shekara 4. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Lausanne, a 2024 kotun ta tabbatar da hukuncin.

Ba rantsuwa nake yi a kan Battaglino ba. Abin da nake so a duba shi ne me ya raba mutanen nan biyu. Mai tausar Sinner a lokacin ma'aikacinsa ne, shi ke biyansa albashi, gida ɗaya suke sauka. Mai horarwar da ya sayo maganin ma nasa ne. Ranar da takardar tuhuma ta iso, kiran mutum biyu kawai ya yi aka gano bakin zaren. Lauyoyinsa suka shigar da ƙara nan take, aka ɗage dakatarwar wucin gadi har sau biyu, ta farko bayan kwana 2, ta biyu bayan kwana 4. Shi kuwa Battaglino hannun aro ne ya taɓa shi, a wata ƙasa, kuma kafin sakamakon gwaji ya fito gasa ta watse kowa ya kama gabansa. Ina zai ga kwalba? Wa zai tilasta wa baƙo ya amsa wayarsa? Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. A takarda dokar ɗaya ce ga kowa, amma tambayar da take yi, wato kawo kwalba, kawo rasit, kawo shaida, kawo masanin kimiyya, tambaya ce da kuɗi ke amsawa.

Masu kare hukumar sukan kawo misalin Marco Bortolotti, wani ɗan Italiya da ba shahararre ba, wanda shi ma aka samu kilostebol a jikinsa aka kuma wanke shi a farkon 2024. Gaskiya ne, kuma na karɓa. Amma me ya fitar da shi? Ya iya nuna hanyar shigowa. Ke nan misalin nasa ƙarfafa maganata ya yi. Babban ɗan wasa yana da rundunar da za ta nemo masa wannan hanyar a kowane hali. Ƙarami kuwa sai in ya taki sa'a.

Abu na biyu da ke raba su shi ne lokaci, kuma ga ɗan wasa lokaci shi ne jari. Simona Halep 'yar Romaniya ba ƙaramar 'yar wasa ba ce, ta riƙe matsayi na ɗaya a duniya, ta ci gasar Faransa a 2018 da Wimbledon a 2019. An samu roksadustat, maganin ƙarancin jini, a gwajin da aka yi mata a gasar Amurka ta 2022. Aka dakatar da ita a watan Oktoba na shekarar, aka yi ta ɗage zama, sai a Satumban 2023 aka yanke mata shekara 4. A watan Maris 2024 kotun Lausanne ta yarda cewa daga wani gurɓataccen abincin ƙarin kuzari ne, ta mayar da hukuncin wata 9. Wata 9, alhali ta riga ta yi kusan wata 17 a zaune. Wa zai biya ta ragowar? Ta dawo fili jiki ya ƙi, gwiwa da kafaɗa suka hana ta sakat, a watan Fabrairun 2025 ta ajiye raket tana da shekara 33.

Na Tara Moore 'yar Birtaniya ya fi taɓa ni. A watan Afrilun 2022, a wata gasa a Bogota ta Kolombiya, aka samu nandurolon da boldenon a jikinta. Ta ce daga naman da ta ci ne, kuma sananne ne cewa a wasu ƙasashen Kudancin Amurka ana yi wa shanu allurar irin waɗannan magunguna don su yi ƙiba. Ta zauna wata 19 ba wasa, ba kuɗin shiga, kafin kwamitin shari'a ya wanke ta a Disambar 2023. Ta fara farfaɗowa ke nan sai ITIA ta ɗaukaka ƙara. A watan Yulin 2025, kwanaki kaɗan bayan Sinner da Swiatek sun ɗaga kofunansu, kotun Lausanne ta ce ba ta tabbatar da cewa yawan nandurolon ɗin da aka gani zai iya fitowa daga nama ba, ta yanke mata shekara 4, a cire abin da ta riga ta yi. Shekara 3 da 'yan watanni ana shari'ar fitsari guda. Wace sana'a ce za ta jure wannan?

Idan aka zo nan, wasu sai su ce to a sassauta dokar, a riƙa yarda da bayanin 'yan wasa. Ban goyi bayan haka ba, kuma tarihin wasan ne ya hana ni. A 1997 an samu wata muguwar ƙwayar maye a jikin shahararren ɗan tanis Andre Agassi. Ya rubuta wa hukumar 'yan wasan maza wasiƙa cewa bisa kuskure ya sha lemon wani hadiminsa da aka zuba ƙwayar a ciki. Aka yarda, aka rufe maganar, duniya ba ta sani ba. Sai a 2009, a littafin tarihin rayuwarsa, shi da bakinsa ya ce ƙarya ya yi. Mariano Puerta ɗan Ajantina ya kai wasan ƙarshe na gasar Faransa a 2005, aka kama shi, aka yanke masa shekara 8 domin karo na biyu ke nan. Ya ce ya sha ruwa ne a kofin da matarsa ta sha magani, kotu ta rage hukuncin zuwa shekara 2. A 2020 ya fito ya ce labarin kofin ƙirƙira ce. Waɗannan biyun sun isa su nuna cewa kyakkyawan labari ba shi ne gaskiya ba, kuma wanda ya fi iya biyan lauya shi ya fi iya samun kyakkyawan labari. Tanis wasa ne na juriya, ana iya yin awa 5 a fili sannan a dawo bayan kwana 2. Duk wanda ya ce babu abin da magani zai ƙara wa ɗan tanis, bai taɓa buga zagaye uku a rana tsaka ba. Don haka dokar ɗora wa mutum alhakin abin da ke jikinsa ta zauna daram. Ko Maria Sharapova, da duk shahararta, da ta ci gaba da shan meldoniyam bayan an haramta shi ranar 1 ga Janairun 2016, sai da ta yi wata 15 a waje, kuma ban ga zalunci a ciki ba.

Inda na fi jin zafi shi ne yadda shari'ar Sinner ta ƙare. WADA ba ta yarda da wanke shi ba. A ƙarshen Satumban 2024 ta ɗaukaka ƙara tana neman a dakatar da shi tsakanin shekara 1 zuwa 2, bisa hujjar cewa ɗan wasa ne ke da alhakin sakacin ma'aikatansa. Hujja ce mai ƙarfi, domin a jikin kwalin Trofodermin akwai tambarin gargaɗi da dokar Italiya ta wajabta, da kalmar haramcin ɓaro-ɓaro. Aka sa ranar zama a tsakiyar Afrilun 2025. Duk mai son wasan yana jira alƙalai su faɗi inda iyakar alhakin ɗan wasa take, don ya zama ma'auni ga na baya. Sai kawai ranar 15 ga Fabrairu aka wayi gari da sanarwar cewa an yi sulhu: wata 3, daga 9 ga Fabrairu zuwa 4 ga Mayu.

A dubi kwanakin. Ya ci gasar Ostireliya a ƙarshen Janairu, kafin dakatarwar ta fara. Ta ƙare kwanaki kaɗan kafin gasar Rum, a ƙasarsa, gaban mutanensa, kuma makonni 3 kafin gasar Faransa. Cikin manyan gasa huɗu na shekara ko ɗaya bai rasa ba, kuma ya dawo ya tarar da matsayinsa na ɗaya yana jiransa. Dokar WADA ta ba da damar irin wannan sulhun, ba a karya doka ba. Amma hukumar da ta ce shekara 1 ce mafi ƙaranci a watan Satumba, ta yaya ta koma wata 3 a watan Fabrairu ba tare da alƙali ya ji bahasi ba? In ta gano hukuncin da ta nema ya yi tsauri ga wanda bai yi niyya ba, to ai ba Sinner kaɗai ne bai yi niyya ba. Hukunci ba kayan kasuwa ba ne da za a yi ta "albarka" da "sallama" har a daidaita. Fitaccen ɗan wasa Novak Djokovic ya faɗa a Doha a watan Fabrairun 2025 cewa yawancin 'yan wasan da ya zanta da su suna ganin akwai fifiko, kuma kamar mai manyan lauyoyi yana iya juya sakamako. Stan Wawrinka, wanda ya ci manyan gasa 3, ya rubuta cewa ya daina yarda akwai wasa mai tsafta. In waɗanda ke cikin ɗakin sauya kaya sun fara irin wannan magana, ɗan kallo kamar aminina ba shi da laifi in ya yi zargi.

Ga kuma batun ɓoyewa. Daga Maris zuwa Agustan 2024, wata 5 cur, Sinner yana wasa, ya ci gasar Miami, ya hau matsayi na ɗaya a watan Yuni, ya ci gasar Cincinnati, washegari aka sanar da duniya cewa an taɓa kama shi har an wanke shi. Swiatek ta rasa gasa 3 a Asiya, ba a faɗi ainihin dalili ba sai ƙarshen Nuwamba. Ƙa'idar ita ce in ka yi saurin ƙalubalantar dakatarwar wucin gadi ka kuma yi nasara, ba a fitar da sunanka. Wanda bai iya wannan saurin ba, sunansa ya shiga jarida tun kafin a saurare shi. Har mutunci ma ya zama abin da shafaffu da mai ke iya karewa. A tuna kuma cewa kuɗin gudanar da ITIA daga hukumomin tanis da manyan gasa huɗu suke fitowa, wato waɗanda suka fi kowa asara in tauraro ya zauna a gida. Ban ce an saye kowa ba. Na ce wanda ke cikin irin wannan hali shi ya fi kowa bukatar yin komai a fili.

Abin da nake nema ba a tsananta wa Sinner ba ne. An saurare shi da wuri, an duba hujjarsa da idon basira, an kare sunansa har aka gama bincike. Haka ya kamata a yi wa kowa. A sa wa'adi: daga ranar tuhuma zuwa ranar hukunci kada ya wuce 'yan watanni, in kuwa hukuma ce ta ja lokaci, ɗan wasa ya koma fili yana jira. A ware wani kaso daga ɗimbin kuɗin da manyan gasa ke samu a kafa asusun lauyoyi da gwajin magunguna ga duk wanda ba shi da hali. A watan Oktoban 2025 ITIA ta fara wani shiri na gwaji, inda take ba da tallafin da ya kai dala 5,000 don gwada magani ko abincin da ake zargi, da lauya kyauta tun daga farkon tuhuma. Mataki ne mai kyau, kuma shi kansa amsa laifi ne cewa a da ba a daidai ake ba. Amma dala 5,000 ba za ta kai mutum Lausanne ta dawo da shi ba. Masu tausa da ma'aikatan lafiya na kowace gasa, komai ƙanƙantarta, a wajabta musu rubuta abin da suka shafa wa wane a rana kaza, a kuma ajiye adireshinsu, don kada a sake samun wanda zai rasa shekara 4 saboda an rasa shaida. Sulhun bayan fage kuwa a daina shi a irin waɗannan manyan shari'u. A bar alƙalai su yanke, su rubuta dalili, kowa ya karanta.

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Turawa. Ruwanmu ne, domin dokar nan ba ta da iyakar ƙasa. Ita ce ta yanke wa 'yar tserenmu Blessing Okagbare shekara 11, kuma a ƙarƙashin irin wannan tsarin ne aka hana 'yan wasan guje-guje 10 na Nijeriya shiga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, ba don an samu komai a jikinsu ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da ƙa'ida ta tanada ba.

Kwanakin baya wani yaro da nake gani a filin tanis, bai wuce shekara 17 ba, ya shigo kantina ana gobe zai tafi gasa. Ya gaishe ni ya ce, "Baba, don Allah a haɗa mini na gajiya da ciwon jiki, irin mai ƙarfin nan." Na san abin da yake nufi, na kuma san abin da za a ƙulla masa a leda in ya je wani kemis ɗin: ƙwayoyi huɗu ko biyar kala-kala, babu suna babu kwali, wataƙila har da tiramadol da deksametazon. Tiramadol ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Deksametazon na sha ko na allura haramun ne a lokacin gasa. Wasu magungunan mura ma suna da sinadarin da in ya wuce wani adadi a fitsari laifi ne. Hatta ƙarin ruwa, wanda mutanenmu suke ɗauka maganin kowace kasala, in ya wuce mililita 100 cikin awa 12 ba tare da kwanciya asibiti ko izini na musamman ba, laifi ne ko da babu haramtaccen magani a ciki. A kansa aka dakatar da Max Purcell ɗan Ostireliya, zakaran wasan bibbiyu na gasar Amurka ta 2024, har wata 18. Ban ma taɓo jiƙe-jiƙen ƙarfin jiki da ake sayarwa a gora ba, waɗanda sau da yawa ake zuba musu maganin Bature a ɓoye.

Na zaunar da yaron na yi masa bayani, na ba shi farasitamol a cikin kwalinsa, na ce ya sha ruwa ya yi barci da wuri. Ya yi godiya ya tafi, amma na daɗe ina tunaninsa. In Allah ya ɗaukaka shi ya fara fita gasar ƙasa da ƙasa aka kama shi da ragowar wani haɗi, a layin Battaglino zai tsaya, ba na Sinner ba. Ba shi da lauya, ba shi da kwalba, ba shi da rasit.

Saboda haka ina kira ga masu horarwa da iyaye da 'yan'uwana masu sayar da magani. Duk yaron da ke buga gasa, kada a ba shi ƙwayar da aka ɓare daga kwalinta. A tambaye shi ko ɗan wasa ne kafin a miƙa masa magani. A koya masa ya ajiye kwali da rasit, ya ɗauki hoton lambar da ke jikin kwalin a wayarsa, ya rubuta ranar da ya sha da sunan duk wanda ya shafa masa wani abu a jiki. Jerin haramtattun magunguna yana shafin WADA a intanet kyauta, a sauke sabo duk watan Janairu a liƙa shi a bangon ɗakin sauya kaya.